Kurwar da Malam Tankai Bai Zare Ba

A Kuzudani, in hira ta biyo ta kan Malam Tankai, tsofaffi kan ce mutum ne mai sanyin hali wanda bai taɓa ɓata wa kowa rai ba. Ni da na san inda sanyin halin nan ya kai shi, ba na sa baki a yabon. Amma kuma ban taɓa iya ƙin mutumin ba, don da yawa cikinmu da an ajiye mu inda aka ajiye shi, abin da ya yi za mu yi, mu kuma yi barcinmu har da minshari. Shi dai bai ƙara barci mai daɗi ba.

Ɗan mai ƙona gawayi ne, auta a ɗakin da 'ya'ya suka fi tukunya yawa. Shekarar da sanyi ya kashe shinkafa tana tsaye a gona, ubansa ya kama hannunsa ya hau da shi matakalar dutse zuwa ɗakin bauta na kan tudu, ya danƙa shi ga tsohon malamin wurin, ya sauka bai waiwayo ba. Aka aske masa kai, aka zuba masa gero da miyar wake, ya ci har cikinsa ya yi ciwo. Kafin a koya masa baƙi ko ɗaya ya riga ya haddace darasinsa na farko, cewa a kan tudu ana ƙoshi, a ƙasa kuwa sai yadda hali ya yi. Duk littattafan da ya karanta daga baya babu wanda ya zauna masa a zuciya kamar wannan.

A zamanin ba mai tambayar ɗakin nan na wane ne. Na Mai Dutse ne, kami na kwarinmu, wato abin bautarmu na gargajiya, mai riƙe da ruwanmu da dajinmu tun kafin a sari itacen farko. In kuwa ka buɗe ƙofar ciki, wanda za ka tarar Buda ne na itacen kafur, yana zaune ya tanƙwashe ƙafa, da ɗan tulun magani a tafin hannunsa na hagu. Masu ciwon ido shi suke zuwa wa daga garuruwa masu nisa. In yaro mai surutu ya ce wanne ne Mai Dutse wanne ne Buda, sai kakarsa ta ce, "Kai, ubanka in ya sa rigar gona, gobe ya sa rigar biki, ya zama mutum biyu ke nan?" Daga nan maganar ta mutu.

Da tsohon malamin ya rasu, Tankai ya gaje shi. Da safe ya tafa hannu ga Mai Dutse, sannan ya zauna ya karanta masa littafin Buda yana kaɗa ƙararrawa. Da rana ya sauka ya yi wa mamaci addu'a, da kaka ya ja gaban masu kai sabuwar shinkafa kan tudu. Ya yi ƙiba, ya yi kumatu, kowa nasa ne. Amininsa kuwa Gonroku ne mai saran itace, ƙato mai hannu kamar faranti, wanda suka yi wasan ƙasa tare. Gonroku irin mutanen nan ne da ke ɗaukar magana yadda aka ba su ita, ba sa juya ta su dubi bayanta. Shi kaɗai ne a garin ba ya ce masa Malam.

"Kan-ƙwarya!" haka yake kwaɗa masa kira tun daga ƙasan matakala. "Sauko ka taya ni jan gungume, ko tumbin nan ya ragu."

"Ni aikina in roƙa maka lafiyar baya, kai kuma ka ja," in ji Tankai. "Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

Tankai ya ba arba'in baya lokacin da mulkin mayaƙa ya faɗi, aka ce sarki ya karɓi ƙasarsa da hannunsa. Sabuwar gwamnati ta ce kami su ne 'yan ƙasa, Buda baƙo ne da ya zo daga ƙetaren teku, zaman da suka yi a ɗaki ɗaya tun kaka da kakanni kuskure ne, a raba su. Wakilin da aka turo mana saurayi ne siriri mai takobi a ƙugu, irin samarin nan da suka karanta littafi ɗaya suka ga duk duniya a karkace take. Ba mugu ba ne, ya dai yarda da abin da ya kawo shi, kuma ba abin da ya fi wannan wuyar sha'ani. Ya sauka a gidan Tankai, ya ce a shimfiɗa masa tabarma a ɗakin da ƙofar takarda ce kawai tsakaninsa da wurin bauta.

"Malam, hanya biyu ce," in ji shi. "Ko ka bar gashinka ya tsiro, ka ajiye carbi, ka zama limamin kami, ka ci gaba da zamanka a nan. Ko ka ɗaure kayanka ka sauka. Kuma daga yau duk wanda aka ji yana karatun Buda a kan tudun nan, ya sallami kansa. Ka ji abin da ya sami malamin garin gaba?"

Ya ji. An kore shi da rigar jikinsa, an gan shi yana tsintar kalar shinkafa a gonakin mutane. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tankai ya dubi matakalar da ta gangara har cikin gari, ya ce, "To." Ya miƙa ƙararrawa da carbi da littattafai aka kulle a akwati. Aka kawo masa gasasshen kifi, abin da bai sa a baki ba tun da aka aske shi, ya ci a gaban wakili don a shaida, ya zagaya bayan gida ya amayar. Aka raɗa masa sabon suna, wai Yukimaro.

"Yuki wa?" in ji Gonroku. "Kai, ko karen mai gari ya fi ka dace da suna."

Saura Buda na kafur. Wakili ya ce a fito da shi, a faskara shi, a ƙone, kuma da hannun 'yan gari za a yi don kada gobe a ce baƙi ne suka yi mana. A madadinsa ya zo da madubin tagulla a cikin akwati, wanda za a ajiye a ƙuryar. Aka taru a gidan mai gari Sakube, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon gawayin da ke ci a murhu. Ba wanda ya yarda ya taɓa. Mu a nan ko gyara za a yi wa Buda, ko ɗan yatsa ne ya karye za a liƙa, ƙarfe ba ya kusantarsa sai malami ya zauna ya roƙe shi ya fita, ya zare kurwar ya ajiye ta wani wuri. Bayan haka itace ne kamar kowane itace, in an gama aiki a mayar da ita. Kowane yaro ya san wannan.

"Ai abin da sauƙi," in ji mai gari. "Malam, ka zare masa kurwa da asuba, ba sai yaron nan ya sani ba. Sauran aikin gatari ne. Sai dai ya ce in ba a sami mai sara ba, sabon liman ne zai sara da kansa."

Gonroku ya yi dariya. "Wannan? Hannun da bai taɓa ɗaga abin da ya fi tsinken cin abinci nauyi ba? Ai sai ya sare ƙafarsa. Ku bar ni da gatarin. Kai dai ka fitar da shi, Kan-ƙwarya, ni kuma in fitar da kai."

Tankai ya ce, "To."

Da gari ya fara haske ya shiga ɗakin ya durƙusa. Kalmomin ya san su kamar sunansa, kuma aikin bai fi a tafasa ruwan shayi tsawo ba. Babu ƙararrawa, babu turare, amma tsohon malaminsa ya sha gaya masa cewa in hali ya matsa, murya kaɗai ta isa, ko da raɗa ce. Ya haɗa tafin hannu, ya buɗe baki. Sai ya ji wakili ya yi tari a bayan ƙofar takarda, ya ji motsin tabarma. Bakin nan ya tsaya a buɗe. Ya dubi fuskar Buda, idanun nan a lumshe kamar kullum, ya jira wai ko tarin zai lafa, ya ƙara jira, har zakaru suka gama cara. Daga nan ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa ya fito. Ba wanda ya sa masa wuƙa a wuya, ba wanda ma ya buɗe ƙofar. Tari kawai ya ji.

Jama'a na tsaye a bakin matakala cikin hazo, Gonroku a gaba da gatari a kafaɗa, idanunsa jajur alamar shi ma bai runtsa ba. Ya matso ya rage murya.

"Ka fitar da shi?"

"Na fitar."

"Ka tabbata? Hannuna ne fa zai shiga."

"Itace ne yanzu, Gonroku. Ba shi da bambanci da wanda ka sara jiya."

Wata tsohuwa, Omasa, ta ja hannun rigarsa. "To ina ka kai shi, Malam? Ba dai ka bar shi yana yawo cikin sanyin nan ba?"

Tankai bai shirya wa wannan tambaya ba. Ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya faɗa kan akwatin madubin da ke ajiye a baranda. Omasa ta bi idon da kallo, ta rufe baki da hannu, ta soma dariya ƙasa-ƙasa har da hawaye. "A cikin kayansu! Kai, Malam, ba ka da dama!" Da ya girgiza kai a lokacin da magana ta ƙare. Sai ya gyaɗa.

Aka fito da Buda aka ajiye a fili. Gonroku ya tofa yawu a tafin hannu, ya ɗaga gatari. Ƙamshin kafur ya cika tudun har ya sauka cikin gari, mata suka yi ta kuka duk da an ce musu itace ne. Tankai na tsaye a gefen wakili cikin farar riga da doguwar baƙar hula da ba ta zauna masa a kai ba, yana kallo har wutar ta cinye. Wakili ya yaba da ladabin mutanen Kuzudani, ya ce ba inda ya sami sauƙin aiki kamar nan, ya hau dokinsa ya tafi.

An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Wannan kam ta yi 'ya'ya har da jikoki. Kafin sati ya zagayo duk kwarin ya san sirrin, kuma ba wanda ya fitar da shi waje. Mutane suka ci gaba da hawa tudu, su tafa hannu a gaban madubi yadda gwamnati ke so, su kira sunan Buda a ƙasan maƙoshi, su sauko suna ƙyafta wa juna ido. Garuruwan da ke kewaye an bar su da ɗakuna wayam, mu kuwa namu yana nan, albarkacin dabarar Malam. Naman kaza na farkon kaka, sabuwar giyar shinkafa, kifin kogi, duk gidansa ake fara kai wa. Gashinsa ya tsiro, ya auri wata bazawara mai suna Oriku, ta haifa masa 'ya'ya. Duk abin da ya ji tsoron rasawa bai rasa ba, har ƙari ya samu, kuma ko loma ɗaya bai ƙara jin daɗinta ba.

Da shekara ta zagayo agana ta shigo kwarin. Ta kama Otoyo, 'yar Gonroku tilo, wadda ba ta wuce a goya ta ba. Ta tashi, amma idanunta biyu sun yi fari fat. Agana ta ci idon yara a gidajen da iyayensu ba su taɓa riƙe gatari ba, wannan kowa ya sani, kuma Tankai ya faɗa wa kansa haka ya fi a ƙirga. Sai dai bakin mutane ba ya bin lissafi. Aka fara ƙus-ƙus a bakin rijiya, wai mai maganin ido aka sara, ga ido ya tafi. Ranar da maganar ta kai kunnen Gonroku, ya shaƙo wuyan wanda ya faɗa, ya ja shi kamar buhu har kan tudu, jama'a na biye.

"Faɗa masa, Kan-ƙwarya! Faɗa wa ɗan banzan nan me na sara!"

"Itace ka sara," in ji Tankai.

"Kun ji ko? Ita-ce! Wanda ya ƙara sa 'yata a bakinsa sai na zubar masa da haƙora."

Tun daga lokacin, duk farkon wata Gonroku kan goyo yarinyar ya hau da ita, ya durƙusar da ita a gaban madubi, ya ce, "Gaishe shi, yana ciki, yana ganinki." Tankai ne ke buɗe musu ƙofa, shi ne ke kaɗa sanda mai farar takarda a kanta, yana sane babu komai a cikin tagullar nan sai fuskarta mai zanen agana. In sun sauka sai ya zauna a baranda ya kasa tashi har rana ta yi tsaka.

Ya rame, kumatun suka zube. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as: ranar da Oriku ta sa kafur a akwatin tufafi saboda asu, ya kwashe ya watsar a kogi, ya yi mata faɗan da ba ta taɓa jin irinsa a bakinsa ba, ita kuwa ta rasa laifinta. Ya taɓa zuwa wurin da aka yi ƙunar ya durƙusa ya karanta kalmomin nan daga farko har ƙarshe, a fili, da murya. Amma me za ka zare daga toka? Ya sha sauka gidan Gonroku da niyyar ya amayar da abin da ke cikinsa, ya zauna, a ba shi shayi, ya ƙare da maganar jinkar da ke yoyo. Yakan ce wa kansa in ya faɗa, ya kashe Gonroku ne a tsaye, gara ya ɗauki kayan shi kaɗai. Wannan gaskiya ce. Kuma ita ce mafakar da matsoraci ya samu ya laɓe, shi ma ya san haka, shi ya sa ba ta taɓa sanyaya masa zuciya ba.

Otoyo ta girma ta koyi tausa, sana'ar makafi, ta fito da bakin ubanta. In ta zo danna masa baya sai ta ce, "Malam, kai da ba ka noma ba ka sara, wane kaya kake ɗauka haka? Kafaɗar nan ta fi ta Baba tauri." Ya yi yaƙe ya ce tsufa ne.

A hankali iskar ta lafa. Gwamnati ta sami wasu abubuwan da suka fi damunta, malaman Buda da suka ɓuya suka fara fitowa da askinsu, aka daina kula wanda ya ajiye Buda a bakin hanya, muddin dai ba a ɗakin kami ba. Wata rana da hantsi, ƙanƙara ta fara narkewa, Gonroku ya hawo matakala yana hutawa a hanya, furfura ta cinye shi, da ƙunshin tsumma a rungume. Ya zauna a baranda ya kwance shi a hankali. Ƙamshin ya riga abin fitowa.

Ashe ranar ƙunar ya tsinci guntu ɗaya ya cusa a riga, ya ɓoye shi a cikin jinka duk shekarun nan. A sanyin shekarar, da aikin daji ya fi ƙarfinsa, sai ya zauna bakin murhu ya sassaƙa shi. Buda ne ɗan ƙarami, kai ya fi jiki, hanci a karkace, da wani ɗan dunƙule a hannun hagu wai shi tulu.

"Kada ka yi dariya, na san ya fi kama da dankali," in ji Gonroku. "Ni ba masassaƙin birni ba ne. Amma jikinsa ne na asali, zai gane kayansa. Samari sun kafa masa 'yar rumfa a bakin gada. Gobe ka fito da shi daga madubin nan ka mayar da shi gida, ya gaji da zaman haya. Otoyo ta ɗinka masa jan ƙyallen wuya, ta soke yatsunta ya fi sau nawa. Ta ce ita za ta riƙe igiya kusa da kai. Wa ya sani, in ya buɗe nasa idon ko ya tuna da nata."

Tankai ya dubi ɗan guntun itacen ya daɗe. Ya san in ya haɗiye maganar yau ya haɗiye ke nan har kabari.

"Gonroku, babu kowa a madubin."

"Ya fita? Yaushe?"

"Bai taɓa shiga ba. Ban zare ba. Na durƙusa, na ji wakilin nan ya yi tari, na ji tsoro, na fito na ce maka na yi."

Gonroku bai yi ihu ba, bai ɗaga hannu ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya zauna yana kallon tafin hannunsa. Can ya ce, kamar mai magana da kansa, "Yana ciki ke nan. Da gatarin ya shiga kafaɗa na ji wata ƙara, ba irin ta itace ba. Na ce gaɓa ce na samu. Duk shekarun nan in ta dawo mini a kunne sai in ce gaɓa ce, ai Kan-ƙwarya ya ce ya fitar."

Tankai ya kifa goshinsa a katakon baranda yana kuka kamar yaro. "Ka tara gari ka faɗa musu. Ka sa a kore ni, na cancanta. Laifin nawa ne, ba naka ba, kai ba ka sani ba." Can sai ya lalubo abin da yake zaton zai zama magani. "Wataƙila ma bai tafi ko'ina ba. Tunda ba a fitar da shi ba, wataƙila yana nan cikin guntun nan tun ranar."

Gonroku ya ɗago ya dube shi. "Cikin wannan? Wanda na kwashe sanyin nan kaf ina yanka da wuƙa?"

Tankai ya so ƙasa ta tsage ya shige. Gonroku ya mayar da tsumman ya rufe ɗan Budan, ya ɗaure.

"In tara gari in ce musu me? Su daina hawa tudun da suka yi shekaru suna hawa? In ce wa Otoyo masu ƙus-ƙus ɗin nan su ne da gaskiya, ubanta ne ya ci idonta?" Ya miƙe yana dafa ginshiƙi. "Gobe ka zo da madubinka da alƙalaminka, Liman. Ka yi duk abin da ake yi, kada ka rage komai. Ai ka iya."

Tankai ya ƙara 'yan shekaru a duniya bayan wannan, ya mutu a kan tabarmarsa da 'ya'yansa kewaye da shi, gari ya yi masa jana'izar mutumin kirki. Gonroku bai ƙara taka matakalar ba, aka ce gwiwa ce. In sun haɗu a hanya yakan rusuna masa yadda ake rusuna wa manya ya wuce. Amma ni in an ce in ba da labarin Malam Tankai, a bakin gadar nan nake tsayawa.

Washegarin ranar da ya faɗa wa Gonroku gaskiya, duk garin ya fito, har da masu jarirai. Aka ajiye ɗan Budan a rumfa da jan ƙyallensa. Yadda ake yi shi ne, a ɗaura doguwar igiya a gindin alƙalamin gashi, kowa ya kama, don in malami ya ɗiga tawada a ƙwayar ido ya zama da hannun kowa aka buɗe shi. Otoyo ce ta farko a igiyar, ubanta na bayanta, sauran jama'a suka jeru har kan gada. Tankai ya buɗe madubin ya haska fuskar itacen, ya karanta kalmomin mayarwa ba tuntuɓe ko ɗaya, tsofaffi na share hawaye don sun daɗe ba su ji muryar nan tasa ba. Ya tsoma alƙalami a tawada, ya ɗiga a idon dama, ya ɗiga a na hagu. Wuri ya yi tsit sai ƙarar ruwa.

"Baba," in ji Otoyo, "ya dawo?"

Tankai ya juyo, bai san abin da zai fito daga bakinsa ba. Gonroku ya riga shi.

"Ya dawo, 'yata."

"Na sani," ta ce, fuskarta duk dariya. "Na ji shigarsa. Igiyar sai rawa take a hannuna."

Igiyar kuwa har lokacin rawa take, don alƙalamin yana hannun Tankai, wanda ke riƙe da ita a bayan Otoyo kuma ubanta ne.